TAƘAITACCEN TARIHIN EKKLISIYARMU: JAWABIN FASTO A BIKIN CIKA SHEKARU HAMSIN

 

GABATARWA

Kwamitin biki ya ɗora mana nauyin ba da tarihin wannan ekklisiya a taƙaice. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya keɓe wa Isra'ilawa shekara ta hamsin, a busa ƙaho, a saki bayi, kowa ya koma gonar gādonsa. A cikin Joshuwa sura 4 kuma, bayan sun haye Urdun, an umarce su su ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogi su kafa, domin ranar da 'ya'yansu za su tambayi ma'anarsu a sami abin faɗa musu. Mu nan ƙasar Dutse ba mu rasa duwatsu ba, gama a gindinsu aka haife mu. Abin da muke tsoro shi ne a rasa mai ba da labari. Saboda haka matasa, wannan jawabi naku ne fiye da na kowa.

Sunayen iyayenmu da suka fara aikin suna shafin tsakiya na wannan ɗan littafi tare da hotunansu. Ba za mu jera su a nan ba, don kada mu tsallake wani mu ɓata ran iyalinsa a ranar murna.

YADDA BISHARA TA ISO ƘASAR HAUSA

Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyu sun riga mu gidan gaskiya a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, amma bai fid da zuciya ba, har mishan ɗin SIM ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902. A 1900 kuma Bishop Tugwell da Likita Miller na CMS sun iso Kano, Sarki Alu ya sallame su suka koma. Bayan Turawan mulki sun ci Kano a 1903, su da kansu suka rufe wa 'yan mishan ƙofar ƙasashen sarakuna har shekaru masu yawa.

Abubuwa biyu ne Allah ya yi amfani da su ya buɗe ƙofar. Na fari, cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa wanda ya fito a 1932. Na biyu, aikin magani: asibitin kutare na Yadakunya, da Asibitin Ido na Kano wanda aka buɗe a 1943, da ƙananan tashoshi irin su Garko, Tofa, Roni da Garun Gabas. A 1954 ekklisiyoyin da wannan aiki ya haifa suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragamar aiki duka. Mun kawo waɗannan ne domin mu san rijiyar da muka sha ruwanta. Amma Bature bai taɓa zama a unguwar nan ba. Bishara ta zo mana a hannun ɗan gida.

A KAN FALALEN DUTSE

Iyayenmu manoma ne masu bin al'adar kakanni, waɗanda ake kira Maguzawa. Kowane gida da tsafinsa, kafin shuka a yanka zakara ko bunsuru, bayan kaka a dafa giya. Ba mugayen mutane ba ne. Suna da riƙon amana da kunya, suna kuwa da tsoron iskoki dare da rana.

Wani daga cikinsu ya kamu da kuturta aka kai shi Yadakunya. Ya daɗe can har aka cire rai da shi. Sa'ad da ya komo, cutar ta mutu amma ta tafi da yatsunsa, ya kuma komo da abu biyu da babu mai su a unguwa: ya iya karatu, yana kuma da Littafi Mai Tsarki a cikin jakar fata. 'Yan'uwansa suka ware masa ƙwarya da kasko, ba mai cin tuwo da shi. To, da yake ba mai zama kusa da shi, sai ya riƙa hawa falalen dutsen nan da ke bayan majami'a da yamma, yana karatu da ƙarfi shi kaɗai.

Mu a lokacin yara ne masu kiwon awaki. Muna tsayawa daga nesa muna yi masa dariya, domin da haɓarsa da dungulmin hannunsa yake buɗe shafi. Kwana ya bi kwana, nesa ta zama kusa. A kan dutsen nan ya koya mana baƙaƙe da gawayi, ruwan sama ya wanke, gobe a sake rubutawa. Wanda yake tsaye a gabanku yau a nan ya fara sanin harafi, tun kafin ya taka Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Daga baya wani ya sayo rediyo, da dare a kewaye ta ana sauraron shirin Hausa na tashar ELWA daga Laberiya.

Farin 1973 ya zo ya share rumbuna. Tsohon nan da aka ware wa ƙwarya shi ne ya riƙa aiko wa gwauraye da marayu 'yar dawar da yake da ita. Mutane suka fara tambayar kansu ko wane irin littafi ne yake sa mutum ya ciyar da waɗanda suka guje shi. Magidanta kaɗan suka ba da gaskiya. Kada mu ɗauka da sauƙi suka yi. Akwai wanda aka hana gonar gādo domin ya ƙi ba da zakaran tsafi. Akwai wanda surukai suka zo suka ɗauke matarsa. Akwai uwar da aka ce in ta mutu ba mai binne ta. Suka jure.

Ƙungiyar masu kai bishara ta EMS ta aiko mana mai bishara daga kudancin Zariya, da kekensa da matarsa da akwati ɗaya. Shi ya fara ajin baftisma. A daidai lokacin da mishan take miƙa aiki ga 'yan ƙasa, gwamnati kuma take buɗe makarantun UPE a 1976, aka yi wa masu bi na farko baftisma a rafi bayan damina, aka ɗibiya wa dattawan farko hannu. Daga wannan rana muke ƙirga hamsin ɗinmu. Ɗakin sujada na farko dangar kara ce da jinka, kujeru kuwa duwatsu ne da mata suka ɗauko a ka. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen tsamiya, ga ta can har yau.

SHEKARUN DA BABU FASTO

Nan ne muke so mu ɗan dakata, gama nan ne zuciyar tarihinmu take. Mai bisharar nan bai daɗe ba aka kai shi wani sabon fili. Ekklisiya ba ta da ƙarfin riƙe ma'aikaci, saboda haka aka shafe shekaru da yawa babu Fasto a nan. Sai a yi watanni kafin wani ya zo daga nesa ya ba da Jibin Ubangiji ko ya ɗaura aure. Bisa ga lissafin mutum, ya kamata fitilar ta mutu. Ba ta mutu ba, domin akwai dattawa.

Ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ba kuwa mai takardar makaranta a cikinsu. Amma kowace Lahadi ɗaya ya buga ƙarfe, ɗaya ya bi da waƙa, ɗaya ya karanta nassi yana bin layi da yatsa, ya faɗi abin da ya gane. In ya kai inda bai gane ba, sai ya ce a ajiye wannan sai Fasto ya zo. Ba su ji kunyar faɗin haka ba, shi ya sa koyarwar ƙarya ba ta sami wurin zama a cikinmu ba. Su ne masu zuwa gaida mara lafiya, su ne masu haƙa kabari, su ne masu sulhunta miji da mata tun magana ba ta kai gaban Dagaci ba. In ɗaya daga cikinsu ya yi laifi, sauran su zaunar da shi a bencin baya kamar kowa, har ya tuba.

Baiko a lokacin ba kuɗi ba ne sosai. Damin gero ne, da mudun wake, da ƙwai, da 'yar kaza. Suka nemi gona suka sa mata suna gonar ekklisiya, ana yi mata gayya kafin kowa ya shiga tasa. Ma'ajinmu na farko bai iya rubutu ba. Da tsakuwa yake lissafi, ƙwarya ɗaya ta abin da ya shigo, ɗaya ta abin da ya fita, ranar taron shekara ya juye su a gaban jama'a a ƙirga. Har ya sauka ba a taɓa neman kwabo an rasa ba.

Da yunwar 1984 ta zo, wani ɗan kasuwa ya taya hatsin rumbun ekklisiya da kuɗin da zai isa a sayi kwanon rufi, abin da muka daɗe muna mafarki. Dattawa suka kwana suna shawara. Da gari ya waye suka ce kwano zai jira, ciki ba ya jira. Aka buɗe rumbu aka auna wa kowane gida, ba a tambayi mai karɓa ko wane addini yake bi ba. Mun ƙara shekaru muna sujada ruwa yana zuba mana a ka. Ku riƙe wannan labari, za mu komo gare shi.

Ba kuwa za mu manta da iyayenmu mata ba. Ko da yake ba a kira su dattawa ba, su ne suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ginin tubali na biyu daga rijiya mai nisa, su ne suka riƙe addu'ar asuba, da tulunsu da waƙarsu suka kai bishara unguwannin da maza ba su iya shiga ba.

ZUWAN JIHA DA ZUWAN BAƘI

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Garin da muka sani da Garu da dabino da 'yan rumfunan kasuwa ya cika da ma'aikata daga ko'ina. Waɗansu Kirista da suka rasa masauki a cikin gari suka zauna kusa da mu, suka shigo sujada tare da mu. A cikinsu akwai 'yan'uwa daga Kuros Riba da Abiya, 'yan ekklisiyar Firesbiteriyan.

Wani dattijo a cikinsu ya zauna a taron majalisarmu sau biyu, sai ya yi dariya ya ce ashe mu 'yan'uwansu ne ba mu sani ba. Ya bayyana mana cewa sunan ekklisiyarsu daga kalmar Helenanci ya fito wadda ma'anarta dattijo, wato ekklisiyar da dattawa suke bi da ita tare da Fasto, ba mutum ɗaya ba. Wannan tsari ya kafu a ƙasar Sukotlan tun zamanin John Knox a 1560. Daga can ya iso Kalaba a 1846 ta hannun Hope Waddell da abokan aikinsa da suka taso daga Jamaika, Mary Slessor kuma ta bi sawu a 1876, ta yi aikin ceton tagwaye har ta rasu a 1915. Ya ce a ƙauyukan kan duwatsu na Sukotlan ma, inda Fasto yake wuyar samuwa, dattawa ne suka riƙe taron addu'a. Mu kuwa ba mu taɓa jin sunan Knox ba. Iyayenmu sun ga abin ne a Ayyukan Manzanni sura 14 da Titus sura 1, inda manzanni suka naɗa dattawa a kowace ekklisiya kafin su wuce gaba, suka bi.

Amma tarihin da ya ɓoye laifi ba tarihi ba ne. Zuwan baƙi ya zo da gwaji, kuma mun faɗi a cikinsa. Gardama ta tashi a kan harshen sujada da lokacinta, da wanda zai riƙe kuɗin gini. Waɗansunmu suka ce baƙi za su ƙwace mana ekklisiyar iyayenmu. Waɗansunsu suka ce mu ƙauyawa ne ba mu san tsari ba. An yi maganganun da ba su dace da bakin mai bi ba, mu da muke matasan ma'aikata a lokacin muna da namu rabo a ciki. Akwai gidajen da suka fita ba su komo ba har yau. Abin da ya kashe wutar shi ne ranar da tsohon ma'ajin nan ya tashi ya ajiye ƙoransa biyu a gaban wani baƙo mai ilimin lissafi, ya ce ɗana, karɓi, kai ka fi ni iyawa, amma ranar taron shekara ka juye a gaban jama'a yadda nake yi. Daga nan aka zaɓi dattawa daga ɓangarorin biyu, aka sa mai fassara. Ginin bulo da kwano da muke ciki yanzu, hannun 'yan gida da na baƙi ne ya ɗaga shi.

KWANAKIN TSANANI

A shekara ta 2000 da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar nan, tsoro ya sa waɗansu 'yan'uwa suka kwashe iyalansu suka koma garuruwansu. A watan Satumba na 2006 kuma rikici ya tashi a garin Dutse, aka ƙone majami'u da dama har da babbar majami'ar Angilikan, mutane da yawa suka nemi mafaka a barikin 'yan sanda. Waɗansu suka gudo nan, suka kwana a kan waɗannan bencuna.

A daren nan muna zaune muna jiran abin da zai faru, sai muka ga fitilu suna tahowa. Ashe maƙwabtanmu Musulmi ne, da mai unguwa a gaba. Suka shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofar majami'a suka zauna har gari ya waye. Wani tsoho a cikinsu ya ce shi bai manta da mudun da aka auna wa mahaifiyarsa a shekarar yunwa ba. Kwanon da dattawa suka ƙi saya a 1984, shi ne ya rufa mana asiri bayan shekara 22. Maƙwabtanmu, ga ku zaune a nan yau, a gaban jama'a muke cewa mun gode, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

A 2020 cutar korona ta sa aka dakatar da taruwa, dattawa suka rarraba unguwanni suna bi da sujada gida gida kamar dā. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki ta rushe ɗakunan 'yan'uwa da dama, aka sake buɗe rumbu. Kamar Sama'ila da ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, mu ma muna da dalilin shaida taimakon Ubangiji.

INDA MUKE A YAU

'Yan'uwa, ba za mu sauka ba tare da faɗin abin da yake damun zuciyarmu ba. Daga cikin dattawan farko babu ko ɗaya da ya rage. Waɗanda suke riƙe da aikin yanzu duk furfura ta rufe su, mu ma da muke magana hutu ya ƙarato. A zaɓen dattawa da ya wuce, an kira sunayen magidanta masu ƙarfi da ilimi, ɗaya bayan ɗaya suka ce a yi musu haƙuri, aiki ya yi musu yawa. 'Ya'yanmu sun yi karatu, mun gode wa Allah, ga jami'a a ƙofar gidanmu tun 2011. Amma da yawansu sun tafi Kano da Kaduna da Abuja, sai Kirsimati muke ganinsu. Waɗanda suka rage, akwai masu digiri da ba su iya tsayawa su karanta sura ɗaya cikin Hausa ba tare da tuntuɓe ba, alhali kakanninsu da suke zaune a bencin gaba ba su jin wani harshe sai shi. Muna da fanka da lasifika, amma taron addu'ar Laraba bai kai na zamanin dangar kara ba.

Iyayenmu ba su da Fasto, suna da dattawa, ekklisiya ta tsaya. In mu muna da Fasto ba mu da dattawa, ranar da aka ɗauke Fasto wa zai buga ƙarfen nan? Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane masu iya koya wa waɗansu. Sarƙar ta iso hannunmu, kada ta tsinke a kanmu.

ROƘONMU GA JAMA'A

1. Magidanta matasa, in ekklisiya ta kira ku aikin dattijo, ku amsa. Za a fara ajin horarwa kowace Asabar da yamma, tsofaffin dattawa za su zauna tare da ku.

2. Iyaye, kowane gida ya komo da addu'ar iyali, a sa yara su karanta nassi da Hausa da bakinsu.

3. 'Ya'yanmu da ke birane, muna godiya da saƙon kuɗi, amma mun fi bukatar ƙafafunku. Ku ɗauki nauyin karatun ɗalibi ɗaya daga cikinmu a makarantar Littafi Mai Tsarki.

4. Filin majami'a da gonar ekklisiya, da baki aka ba iyayenmu a gaban shaidu, shaidun kuwa sun ƙare. Baikon yau za a fara da shi ne wajen neman takardar mallaka bisa ga doka.

5. Shekarar hamsin shekarar saki ce. Majalisar dattawa ta yafe bashin hatsi da ke kan kowane gida. Gidajen da suka fita saboda gardamar dā, mun aika musu da gayyata, muna kuma roƙonsu gafara a fili. Wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, kada ya ci abincin bikin nan sai ya je ya kama hannunsa.

KAMMALAWA

Bayan addu'ar rufewa, kafin a raba abinci, za mu hau falalen dutsen nan gaba ɗaya, tsofaffi a gaba, yara a baya. Kowane yaro ya riƙe hannun tsoho ɗaya ya tambaye shi abin da ya faru a wurin. Tsofaffi, ku ba su amsa.

Da yawanmu ba za mu ga bikin shekara 100 ba. Addu'armu ita ce, in Ubangiji bai komo ba tukuna, a sami wani daga cikin yaran nan da zai tsaya a nan da furfurarsa ya ba da labari, a kuma sami dattawa masu aminci zaune a bayansa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi barci cikin Ubangiji, ya ba shugabanninmu hikima, ya ba Jihar Jigawa da Nijeriya zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.